GEORGE WASHINGTON CARVER: MALAMIN GONA DA YA KAI MAKARANTA ƘOFAR MANOMI

Duk ɗalibin da ya taɓa cin karo da sunan George Washington Carver a littafin kimiyyar noma, abin da zai fara tunawa shi ne gyaɗa. An san shi da cewa ya tsara hanyoyi kusan 300 na amfani da ita. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne babban aikinsa ba. Babban aikinsa shi ne yadda ya ɗebi ilimin da ke kulle cikin aji, ya ɗora shi a kan keken alfadari, ya kai wa talakawan manoma har ƙofar gida, ya kuma horar da waɗanda za su riƙa koya wa maƙwabtansu. Ga tarihinsa a taƙaice.

HAIHUWA DA ƘURUCIYA

An haifi George a wata gona kusa da ƙauyen Diamond, cikin Jihar Missouri ta Amurka, wajen shekarar 1864, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar. A zamanin ba a damu da rubuta ranar haihuwar ɗan bawa ba, saboda haka shi kansa bai san ranar da aka haife shi ba. Mahaifiyarsa Mary baiwar wani manomi ce mai suna Moses Carver, wanda ya saye ta a 1855 a kan dala 700. Mahaifinsa bawa ne a wata gona ta kusa, ya kuwa rasu a haɗari tun George bai san shi ba.

Yana jinjiri wasu mahara suka faɗa wa gonar, suka sace shi tare da uwarsa, suka nufi Jihar Arkansas da su. Moses Carver ya aiki wani mutum ya bi sawu. Mutumin ya komo da jinjirin yana fama da tari, rai a hannun Allah, amma uwar ba a sake jin ɗuriyarta ba. Doki guda aka ba mutumin ladan wahalarsa.

A 1865 aka haramta bauta. Moses da matarsa Susan, waɗanda ba su da ɗa ko ɗaya, suka riƙe George da wansa James. Da yake George mai yawan laulayi ne, ba a sa shi aikin ƙarfi ba. Ya zauna a gida wurin Susan, ya koyi girki da wanki da ɗinki da saƙa da kula da lambu. In ya sami sarari sai ya shiga daji yana duban tsirrai, yana cirowa yana dasawa a wani ɗan lambu da ya yi wa kansa a ɓoye. Da kaɗan-kaɗan ya gane abin da kowace shuka ke so, wadda ke son inuwa da wadda ke son rana, wadda ruwa ya yi wa yawa da wadda ƙasa ba ta karɓe ta ba. Maƙwabta suka fara kawo masa furanninsu da suka yi yaushi, yana jinyarsu har su farfaɗo. Tun yana yaro suka laƙaba masa suna likitan tsirrai.

NEMAN ILIMI

Makarantar da ke kusa da su ba ta karɓar 'ya'yan baƙar fata. Saboda haka yana da shekara kamar 12 ya bar gida, ya taka mil 8 zuwa garin Neosho, inda akwai makarantar baƙaƙe. A can wata ungozoma mai suna Mariah Watkins da mijinta Andrew suka ba shi masauki, shi kuwa yana taya su aikin gida. Mariah ta riƙa kai shi sujada, ta ba shi Littafi Mai Tsarki, ta kuma yi masa gargaɗin da bai taɓa mantawa ba, wato ya koyi duk abin da zai iya koya, sa'an nan ya koma ya raba wa mutanensa. Mai karatu ya riƙe wannan gargaɗi, domin a kansa aka gina sauran labarin.

Ba da daɗewa ba George ya ga malamin Neosho ba shi da sauran abin da zai ƙara masa. Sai ya shiga Jihar Kansas, yana bin gari-gari, yana wanki da guga da girki don ya biya kuɗin makaranta. A 1879 a garin Fort Scott ya ga taron fararen fata sun kashe wani baƙin mutum a bainar jama'a. Nan da nan ya tattara ya bar garin, abin kuwa bai fita daga ransa ba har tsufa. Ya ƙare sakandare a wani ƙaramin gari mai suna Minneapolis, a nan Kansas. Kwalejin Highland ta ba shi gurbi ta wasiƙa, amma da ya isa aka ga launin fatarsa sai aka sallame shi. Ya koma ya kama fili a yammacin Kansas a 1886 yana noma, nan ma abin bai ɗore ba.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1890 Kwalejin Simpson ta Jihar Iowa ta karɓe shi, ya fara koyon zane da kiɗan piyano. Malamar zanensa, Etta Budd, ta lura yawancin abin da yake zanawa tsirrai ne, ta kuma san zane ba zai ciyar da baƙin mutum a wancan zamani ba. Ta ba shi shawara ya koma Kwalejin Aikin Gona ta Iowa da ke garin Ames. Ya shiga a 1891, shi ne baƙar fata na farko da ya yi karatu a wurin. Ya sami digiri na farko a 1894, na biyu a 1896, ya shahara wajen sanin cututtukan tsirrai, har aka ba shi kula da ɗakin gilashi da ake renon shuke-shuke. Akwai wani yaro, ɗan wani malaminsa, da yakan riƙe wa hannu su shiga daji yana nuna masa sassan fure. Yaron nan, Henry Wallace, shi ne daga baya ya zama ministan aikin gona, ya kuma zama mataimakin shugaban Amurka daga 1941 zuwa 1945.

KIRA ZUWA TUSKEGEE

A 1896 wasiƙa ta zo masa daga Booker T. Washington, shugaban makarantar baƙar fata ta Tuskegee a Jihar Alabama, wadda aka kafa a 1881. Ana neman wanda zai shugabanci sashen aikin gona. A Ames Carver yana da aiki mai kyau da kayan bincike da abokai. Duk da haka ya amsa kiran, ya tafi kudu, ya kuwa zauna a Tuskegee shekara 47, har ƙarshen ransa.

Abin da ya tarar ya isa ya karya zuciyar mutum. Yawancin baƙaƙen manoma ba su da gonar kansu, noman kashi-mu-raba suke yi a gonakin fararen fata. Mai gona shi ke ba da iri da abinci bashi, a kuwa biya shi da auduga bayan girbi. Saboda haka auduga ake shukawa shekara da shekaru a wuri guda, har bakin ƙofar ɗaki, ba a bar ko taki ɗaya don lambu ba. Ƙasa ta gaji, ruwan sama ya zaizaye ta ya bar kwazazzabai. Amfani yana raguwa, bashi yana ƙaruwa. Abincin gida bai wuce garin masara da kitsen alade da maɗi ba, shi ya sa cututtukan rashin abinci mai gina jiki suka yi yawa.

Ita ma makarantar ba ta da ɗakin bincike. Carver ya ja ɗalibansa zuwa juji, suka tsinto kwalabe da gwangwanaye da tsofaffin tukwane, suka mai da su kayan gwaji. A 1897 aka ba shi eka 10 ta gajiyayyiyar ƙasa don gwaje-gwaje. Tun farko ya kafa wa kansa doka, cewa ba zai koyar da abin da manomi mai alfadari ɗaya ba zai iya yi ba. Me zai amfana wa wanda bashi ya yi wa katutu a ce masa ya sayi takin zamani? Sai ya nuna yadda ake haɗa taki da ganyayen daji da laka ta fadama da kashin dabbobi da toka, abubuwan da ke zube kyauta.

Ya kuma koyar da sauya shuka. Dalilin shi ne, auduga tana zuƙe sinadarin naitirojin daga ƙasa. Wake da gyaɗa kuwa suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwoyinsu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna jawo naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. In an shuka wake ko gyaɗa bayan auduga, ƙasa takan sami sauƙi, iyali kuma su sami abinci mai gina jiki. Waken nan da ya fi yabo asalinsa daga Afirka ne, shi ne wanda manomanmu suka daɗe suna haɗawa da gero da dawa. Ya ƙara da dankali, da lambun kayan miya a bayan kowane gida, da shanya 'ya'yan itatuwa da ganyaye don ajiyar lokacin sanyi.

MAKARANTA A KAN KEKE

Gano magani daban, kai shi ga majinyaci daban. Carver ya gwada hanyoyi da yawa. Ya fara buga ƙananan ƙasidu cikin sauƙin harshe, ana rabawa kyauta. Ta farko ta fito a 1898, duka-duka kuwa ya buga 44. Ƙa'idarsa ita ce kowace ƙasida ta ƙunshi yadda manomi zai shuka, da yadda uwargida za ta dafa, da ɗan bayanin kimiyya don malamin makaranta. Ta 1910 ta yi magana kan yadda malaman ƙauye za su kafa lambun makaranta su koya wa yara sanin tsirrai. Ta 1916 ta kawo hanyoyi 105 na dafa gyaɗa, ta 1918 kuma hanyoyi 115 na sarrafa tumatir.

Tun 1897 aka fara taron manoma na wata-wata a makarantar. Manomi yakan zo da reshen da ƙwaro ya ci, ko ɗan ƙunshin ƙasar gonarsa, Carver ya duba ya yi bayani a gaban kowa, sa'an nan ya zaga da su gonar gwaji su gani da idonsu. A 1904 aka ƙara da gajeren kwas na noma a lokacin sanyi, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi.

Amma akwai sauran matsala. Waɗanda suka fi bukatar ilimin su ne ba su zuwa. Wasu hanya ta yi musu nisa, wasu ba su iya karatu ba balle ƙasida ta amfane su, wasu kuwa kunyar tsummokaransu ke hana su shiga cikin 'yan boko. Carver ya ga in manomi ba zai zo makaranta ba, to, sai makaranta ta je wurin manomi. Ya fara fita a ƙarshen mako da keken alfadari, ɗauke da iri da kayan nuni. Yakan tsaya a dandalin gari ran Asabar, ko a harabar majami'a ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, ya yi wa mutane bayani.

Booker T. Washington ya ga amfanin abin, ya ce a faɗaɗa shi. Carver ya zana irin keken da ake bukata, wani attajirin birnin New York mai suna Morris K. Jesup ya ba da kuɗi, ɗaliban Tuskegee suka ƙera shi da hannunsu. A watan Mayu na 1906 Keken Jesup ya fara fita. Yana ɗauke da garmuna iri-iri, da kayan shuka, da na'urar fid da man shanu, da iri, da samfurin taki, da manyan hotunan koyarwa. A watannin farko yana kaiwa ga mutum wajen 2,000 kowane wata.

A watan Nuwamba na wannan shekara aka danƙa keken a hannun wani ɗalibin Tuskegee da ya gama karatu, Thomas Monroe Campbell, ɗan manomi daga Jihar Georgia. Gwamnatin tarayya ta ɗauke shi aiki, ya zama malamin gona baƙar fata na farko a ƙarƙashinta. A hannunsa tsarin ya kankama. Ba a tara mutane a yi musu lacca. Akan zaɓi gidan wani talakan manomi, a gayyato maƙwabta, a mai da gidan aji. A yi huɗa da sabuwar garma kusa da huɗar tsohuwa don kowa ya kwatanta. A shata lambu, a haƙa ramin taki, a yi wa itatuwa aski, a gyara akurkin kaji. Malami yakan nuna sau ɗaya, sa'an nan ya miƙa kayan aikin ga mutanen su yi da kansu. In keke ya tashi, lambun yana nan, duk mai wucewa yana gani. Mai gidan da maƙwabtan da suka sa hannu su ne ke zama malaman unguwa, ba albashi, ba takardar shaida. Gani ya kori ji, manomi kuwa ya fi yarda da abin da ya gani a gonar ɗan'uwansa.

A 1918 mota ta maye gurbin keken. A 1923 baƙaƙen manoman Alabama suka yi karo-karo suka sayi wata babbar mota da kuɗinsu, alama ce ta cewa sun ɗauki makarantar tasu ce. A lokacin tawagar ta haɗa da malamin gona, da malama mai koya wa mata girki da adana abinci, da ma'aikaciyar jinya. Makarantar tafi-da-gidanka ta ci gaba da yawo har 1944.

BA A RASA CIKAS BA

Kada mai karatu ya zaci komai ya tafi sumul. Carver gwanin koyarwa ne, amma ba gwanin mulki ba ne. Rubuta rahoto da lissafin kajin makaranta sun sha haɗa shi da Booker T. Washington, har ya yi barazanar ajiye aiki ba sau ɗaya ba. A 1910 aka sauke shi daga shugabancin sashen noma, aka bar masa bincike da gonar gwaji. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin takinsa. Manomin da ba shi da gonar kansa, in ya gyara ƙasa, mai gona na iya ƙara masa haya ko ya kore shi. Dokokin wariyar launin fata sun hana baƙaƙe ƙuri'a da adalci a kotu. Saboda haka dubban iyalai suka bar noma suka yi ƙaura zuwa biranen arewa.

Abin da wa'azi bai yi ba, ƙwaro ya yi. Wani ƙwaron auduga da ya shigo daga Meziko a 1892 ya iso Alabama wajen 1910, ya yi ɓarna mai yawa. Dole manoma da yawa suka juya ga gyaɗa. A 1921 masu harkar gyaɗa suka gayyaci Carver ya yi bayani a gaban wani kwamitin majalisar dokokin Amurka, don a sa haraji a kan gyaɗar waje. Minti 10 aka ba shi, amma da ya fara fito da abubuwan da ya yi da gyaɗa sai 'yan majalisa suka yi ta ƙara masa lokaci. Daga ranar sunansa ya game ƙasa. A 1923 aka ba shi lambar girma ta Spingarn. Sai dai a faɗi gaskiya, yawancin abubuwan nan ba su shiga kasuwa ba, kuma ba shi ne ya ƙago markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ake shafa wa burodi ba, ko da yake mutane da yawa suna zaton haka.

HALINSA DA RASUWARSA

Carver bai yi aure ba. Suna bai sauya shi ba, yana nan da tsohon kwat ɗinsa da sabon fure maƙale a ƙirji kullum. Yakan tashi da ƙarfe 4 na asuba ya shiga daji, yana addu'a yana tattara tsirrai. A ganinsa binciken halitta hanya ce ta sanin Mahalicci, bai kuwa ga saɓani tsakanin bangaskiya da kimiyya ba. Shekaru da yawa yana koyar da ajin Littafi Mai Tsarki kowace Lahadi da yamma, bisa roƙon ɗalibai, sau da yawa da tsiro a hannunsa don misali. Wasiƙun manoma kuwa yana amsa su ba tare da karɓar ko kwabo ba.

A 1940 ya ba da kuɗin da ya tara a rayuwarsa aka kafa gidauniyar bincike a Tuskegee. Ya rasu ran 5 ga Janairu, 1943, bayan ya faɗi a matakalar bene, aka binne shi kusa da kabarin Booker T. Washington. A wannan shekara gwamnati ta keɓe gonar da aka haife shi ta zama wurin tarihi na ƙasa, karo na farko da aka yi wa baƙar fata haka.

ABIN DA YA BARI

Carver da Campbell suna cikin waɗanda suka share hanyar aikin malaman gona a Amurka. A 1914 majalisa ta yi dokar Smith-Lever, wadda ta ɗora wa kwalejojin noma alhakin kai ilimi ga jama'a a kowace jiha. Daga cikin wannan tsari ne wani reshe ya tsiro bayan shekaru. A Jihar Washington, can arewa maso yamma, tambayoyin masu lambun gida suka yi wa malaman gona yawa. Sai wani daga cikinsu, David Gibby, da abokin aikinsa William Scheer, suka yi shawarar horar da 'yan sa kai. A 1973 aka yi horon farko na shirin Master Gardener, wato Gwanin Lambu. Akan koya wa mutum sanin ƙasa da ƙwari da cututtukan tsirrai na sa'o'i 40 ko fiye, shi kuwa ya biya da lokacinsa, yana amsa tambayoyin jama'a da taimakon lambunan makarantu da na unguwa. Shirin ya bazu a dukan jihohin Amurka 50 har da Kanada. Ba Carver ne ya kafa shi ba, amma sharaɗinsa shi ne wanda Mariah Watkins ta gindaya wa yaron nan a Neosho: ka koya, ka koyar.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne. Mukan haddace sauya shuka da haɗa taki don jarrabawa, in an gama mu rufe littafi. Carver ya fi mu dalilin riƙe iliminsa, domin ya sha wuya kafin ya same shi, amma bai ga amfaninsa ba sai ya isa hannun mai fartanya. Hutu yana zuwa. Akwai ɗan fili a bayan gida, akwai juji da toka da kashin awaki, akwai ƙanne da maƙwabta. Wanda ya haƙa ramin taki ɗaya, ya yi kwamin alayyafo ɗaya, ya kuma kira mutum biyu su yi tare da shi, ya fahimci tarihin George Washington Carver fiye da wanda ya haddace shekarun da ke cikinsa.